Diyaucin ƙasa a fagen dijital

Diyaucin dijital shi ne ikon da ƙasa ke da shi a kan bayanan jama'arta, da na'urorin da ke ajiye su, da wayoyin da ke kai su da komowa. Tushen batun shi ne cewa duk bayanin da aka ɗora a intanet yana zaune ne a cikin wata kwamfuta, a wani gini, ƙarƙashin dokar wata ƙasa, kuma sau da yawa ba ƙasar mai bayanin ba ce.

Tarihi

Ana jin kalmar a Faransa tun shekarun 2000, amma ba ta shiga bakin shugabanni sosai ba sai a Yunin 2013, lokacin da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin kwangila a hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, ya fallasa yadda hukumar ke tatsar bayanai ta hanyar manyan kamfanonin intanet. A watan Oktoban shekarar aka ba da rahoton cewa har wayar Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, ba ta tsira ba. Shugabar Brazil ta lokacin, Dilma Rousseff, ta ɗage ziyararta zuwa Washington, kuma a 2014 ƙasarta ta kafa dokar haƙƙin masu amfani da intanet.

Turai ta bi ta hanyar kotu da doka. Kotun Tarayyar Turai ta soke yarjejeniyar tura bayanai zuwa Amurka har sau biyu, a 2015 da 2020. Dokar kare bayanai ta GDPR ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, da tarar da ka iya kaiwa kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a shekara. A 2018 ɗin kuma Amurka ta yi tata dokar, CLOUD, wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninta ko da a ƙetare aka ajiye su.

Misalin Estoniya

Bayan hare-haren intanet na 2007 da suka durƙusar da shafukan bankuna da na gwamnati, Estoniya ta fara tunanin yadda mulki zai ci gaba ko da an mamaye ƙasar. A 2017 ta ƙulla yarjejeniya da Luxembourg kan ajiye kwafin muhimman kundayenta a can, a ɗakin da ke da kariya irin ta ofishin jakadanci. Ƙasar da ke karɓar baƙuncin ba ta da hurumin shiga ba da izini ba.

Saɓani

Sin da Rasha na fassara diyaucin da ikon tace abin da jama'a ke gani. Masu kare haƙƙin ɗan Adam na kallon hakan a matsayin toshe baki.

Afirka

Yarjejeniyar Malabo da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2014 kan tsaron intanet da kare bayanai ba ta fara aiki ba sai 2023, shekarar da Najeriya ma ta sa hannu kan dokarta ta kare bayanai.