Ƙera Wuƙa a Gida: Tambayoyin Masu Koyo da Amsoshinsu

Idan Babbar Sallah ta matso, wanda ya bi ta Maƙera Assada a cikin garin Sakkwato zai ji ƙarar masaba tun da hantsi, ga wuƙaƙe a jere, ta yanka daban, ta fiɗa daban. Matasa da dama da ba su gaji ƙira ba suna sha'awar koyon wannan aiki a gidajensu. Ga tambayoyin da suka fi yawan yi.

Wane ƙarfe ne yake yin wuƙa?

Wanda yake ɗaukar tauri idan an ba shi ruwa, wato an gasa shi ya yi ja an tsoma a mai ko ruwa, kuma abin da ke kawo haka shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa. Ƙarfen wuƙa yana bukatar kabon daga kashi 0.6 zuwa kashi 1 cikin 100. Sifirin ɗin mota, wanda ake samu a gareji ko wurin 'yan gwangwan, galibi yana da kusan kashi 0.6, yana da juriya, kuma yana yafe wa mai koyo kurakurai da yawa. Tsohon magagari ya fi shi kabon, kaifinsa ya fi daɗewa, amma ya fi saurin karyewa. Rodin gini da falankin ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da shi ba su da kabon isasshe: wuƙar za ta yi kyan gani, ta yanka albasa sau biyu, ta dakushe.

Gwaji biyu ne ake gane ƙarfe mai kabon da su. Ka ɗora ƙarfen a kan giranda ka dubi tartsatsin. Idan dogaye ne masu tafiya a miƙe, kabon kaɗan ne. Idan suna fashewa suna yin rassa kamar kan tsintsiya, akwai alheri. Na biyun ya fi tabbaci: ka yanki ɗan guntu, ka sa shi a wuta ya yi ja, ka tsoma a mai, ka goga masa magagari. In magagarin ya zame bai ci ba, ƙarfen ya yi.

A kula da tsohon sifirin. Ya sha kaya a hanya shekara da shekaru, yakan ɓoye tsagar da ido ba ya gani, musamman kusa da ramin ƙusar tsakiya. A guji wannan wurin. Ƙarfe mai rufin fari irin na bututun ruwa kuwa kada ya shiga wuta sam, domin hayaƙin zinkin da ke jikinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Waɗanne kaya ne ba makawa sai da su?

Murhu, zuga-zugi, uwar maƙera, guduma, awartaki, magagari biyu (mai kaushi da mai laushi), maganaɗisu, da gwangwanin ƙarfe na mai mai murfi. Murhun ba wani abu ba ne: rami mai zurfin santimita 15, bango biyu na yumɓu, da bututun baƙin ƙarfe da ke kai iska ƙasan garwashi. Wanda bai sami zuga-zugin fatar akuya ba, fanka da ake juyawa da gargaren keke tana yi. Madadin uwar maƙera, kan babbar guduma da aka kafa a kututture ya wadatar. Guduma mai nauyin kilo 1 ta fi wa mai koyo, don wadda ta fi haka gajiyar da hannu take yi, gajiyayyen hannu kuwa ba ya saiti.

Gawayin ƙirya maƙera suka fi so tun kaka da kakanni, saboda yana da nauyi, yana daɗewa, zafinsa kuma yana da ƙarfi. A farfasa shi ya koma girman goro. A yi aikin a rumfar da iska ke ratsawa, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa.

Da wace irin wuƙa ya kamata a fara?

Ƙarama. Ruwan wuƙar santimita 12, mariƙi santimita 11, kaurin baya milimita 3. Doguwar wuƙar yankan sa a bar ta sai hannu ya faɗa, don yawan tsawo shi ke jawo lanƙwasa a wurin ban ruwa.

Yaya ake bugun?

A yanko sifirin mai faɗin santimita 3 da tsawon kamar 15, tunda zai miƙe ya ƙara tsawo. Ana bugu ne idan ƙarfe ya yi ruwan lemo zuwa ruwan ɗorawa, wato tsakanin digiri 900 da 1,100 a ma'aunin Salshiyas. Da zarar ya sauko ya yi ja mai duhu, a mayar da shi wuta. Bugun ƙarfen da ya huce shi ke haifar da ƙananan tsagogi da ba za su bayyana ba sai ranar ban ruwa. In kuwa aka ga yana fari yana feso tartsatsi a cikin murhu, ya ƙone, sai a yanke wurin a yar.

A fara fitar da tsini, sannan a rage kaurin, sannan a karkata guduma a buga gefen da zai zama kaifi, bugu daidai a fuska biyu. Nan masu koyo ke mamaki: gefen da ake bugu yana ƙara tsawo, sai wuƙar ta gantsare ta baya kamar lauje. Maganinsa, a ɗan lanƙwasa ta zuwa wajen kaifi tun kafin a fara, bugu zai dawo da ita daidai. Ɓawon da ke zubowa daga jikin ƙarfe a riƙa share shi daga uwar maƙera, in ba haka ba guduma za ta dasa shi a fuskar wuƙar ya bar rami-rami.

Bayan bugu, a sa ta ta yi ja, a binne ta a cikin toka ta kwana. Da safe za ta yi laushin da magagari zai ci. A lokacin ne ake gyara siffa, a huda ramukan ƙusoshin mariƙi. Wanda ya manta hudar har aka yi ban ruwa, zai ƙona bakin injin huda bai ci ba. Mahaɗar ruwan wuƙa da wutsiyar da ke shiga mariƙi a yi ta a zagaye, kada a bar kusurwa mai kaifi, don daga nan karaya ke farawa. Bakin wuƙar kuma kada a wasa shi tukuna, a bar masa kaurin milimita 1. Bakin da ya yi siriri yana ƙonewa a wuta, yana kuma murɗewa a cikin mai.

Me ya sa ake cewa ban ruwa shi ne aikin gaba ɗaya?

Saboda a nan ake samun wuƙa ko a rasa ta, kuma duka abin bai wuce minti ɗaya ba. Wuƙar da aka yi wa ado da tagulla da jar fata amma ban ruwanta ya lalace, guntun ƙarfe ce kawai a cikin kube mai tsada.

Kafin ban ruwa akwai matakin da mutane ke tsallakewa. A sa wuƙar a wuta ta yi ja sosai, a ciro ta, a riƙe a iska har ta yi baƙi. A yi haka sau uku, kowane karo zafin ya ɗan gaza na baya. Zafin bugu yana sa ƙwayoyin cikin ƙarfe su yi manya, wannan matakin ne ke mayar da su ƙanana. Mai son ganin bambancin ya taurara guntu biyu ya karya: wanda aka yi wa haka cikinsa sumul ne kamar garin siminti, ɗayan kuwa tsaki-tsaki kamar gishiri, kuma bugu ɗaya yake karyewa.

Sai sanin zafin da ya dace. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770, sifirin kuwa yana son kusan 830. Saboda haka a riƙa taɓa maganaɗisu a jikin wuƙar, idan ya daina kamawa a mayar da ita wuta ta ɗan ƙara haske kaɗan, launin ya zama iri ɗaya daga tsini zuwa gindi. Tsini ya fi saurin ɗaukar zafi, don haka a fara da ɓangare mai kauri, bayan wuƙar yana ƙasa, ana kai ta ana dawo da ita a cikin garwashi.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman: ranar Sakkwato tana ɓoye launin ƙarfe. Abin da ido zai gani ja-ja da azahar a watan Afrilu ya riga ya zarce ƙima nesa. A yi ban ruwa bayan magariba ko kafin fitowar rana.

Ruwa ko mai?

Sunansa ban ruwa, amma ga sifirin mai ne. Ruwa yana sanyaya shi da gaggawar da ta wuce ƙarfinsa, sai ka ji "ƙas", wuƙa ta tsage. Akwai tsofaffin maƙera da suka iya tsoma baki kaɗai a ruwa su ciro a kan lokaci, amma wannan hannu ne na shekaru, mai koyo kada ya fara da shi. Man gyaɗa lita 3 zuwa 4 a gwangwanin ƙarfe ya isa. A ɗumama shi da guntun ƙarfe mai zafi ya kai kamar digiri 50, yadda yatsa zai shiga amma ba zai zauna ba. Mai mai ɗumi ya fi ruwa-ruwa, ya fi saurin janye zafi. Baƙin man inji hayaƙinsa guba ne, bai dace da wuƙar da za ta taɓa nama ba.

Daga wuta zuwa mai kada a wuce daƙiƙa biyu. A tsoma ta a miƙe, tsini a gaba, a motsa ta sama da ƙasa. Motsi gefe da gefe yana sanyaya fuska ɗaya kafin ɗaya, wuƙar ta karkace. Idan wuta ta kama a saman man, murfi ake rufawa. Kada a kuskura a watsa ruwa.

In ta huce, a goga magagari a bakin. Yakan ɗan ci fatar sama a gugar farko, daga nan ya kamata ya zame da ƙara irin ta gilashi. In yana ci har ciki, ko zafi bai kai ba, ko an yi jinkiri, ko ƙarfen ne ba na kirki ba. Ana iya maimaitawa.

To ta yi tauri, an gama ke nan?

A'a. A wannan hali in ta faɗi a daɓen siminti tana iya rabewa biyu. Dole a sassauta taurin, kuma a ranar, kada ta kwana. Mai tanda ta gashin burodi ko kek ya sa ta a digiri 200 na awa biyu, ta huce, ya sake. Wanda ba shi da ita ya goge fuskar wuƙar da samfefa ta yi haske, ya gasa wani ƙaton ƙarfe, ya ɗora bayan wuƙar a kai, baki yana sama. Launi zai taso daga baya yana tafiya wajen baki: ruwan busasshen kara, sai ruwan ƙasa, sai shunayya, sai shuɗi. Da ruwan kara ya iso baki, a ɗauke a tsoma a ruwa. Baya ya yi shuɗi ba laifi, ƙarin juriya ne. Baki ne in ya yi shuɗi ya yi laushi, sai an koma ban ruwa daga farko.

Wannan ne ma dalilin da wuƙaƙe masu kyau ke mutuwa a hannun masu washi da inji. Dutsen yana gudu, bakin ya ɗau zafi ya yi shuɗi, taurin ya tafi. In za a yi amfani da giranda bayan ban ruwa, hannu ba safa don a ji zafin wuƙar, guga ɗaya tsomawa ɗaya a ruwa.

Mariƙi fa?

Icen ƙirya, marke, kanya ko maɗaci, ko ƙahon sa. Sharaɗin shi ne ya bushe sarai. Icen da aka sa da ɗanyensa a damina, hunturu na zuwa zai tsuke ya tsage, ƙusoshi su yi sako-sako. A haɗa da gam mai kwalba biyu irin Araldite da ƙusoshin tagulla biyu ko uku masu kaurin milimita 4, a matse ya kwana. Kada a bar ko ƙaramar kafa tsakanin ice da ƙarfe, domin jini da kitse suna shiga su ruɓe. A bar mariƙin da ɗan kaushi, mai sheƙi yana suɓucewa a jiƙaƙƙen hannu.

Yaya ake fitar da kaifi?

A dutsen washi da ruwa. Kusurwar digiri 20 a kowace fuska ta dace da aikin yau da kullum, ta yanka a rage zuwa 15 ko 17, ta sara ƙashi a kai 25. A wasa fuska ɗaya har yatsa ya ji ɗan gashin ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya fuskar tun daga gindi har tsini, sannan a juya. Wanda bai jira wannan gashin ba, bai kai baki ba tukuna. A ƙarasa a dutse mai laushi, a goge a bayan fata. Wuƙar layya ta cancanci wannan wahalar, tunda addini ya yi umarni da a wasa wuƙa a hutar da dabba.

Wuƙata tana tsatsa a cikin kube, me ya jawo?

Fata tana riƙe laima, musamman daga Yuli zuwa Satumba. A wanke wuƙa, a tsane ta, a shafa mata ɗan man kaɗe, in za a daɗe ba a yi aiki da ita ba a ajiye ta a wajen kube. Idan za a kai wa baduku ɗinki, a nemi fatar da aka jeme da bagaruwa. Jar fatar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya wajen kyau, amma siririya ce, kaifi zai huda ta. A yi cikin kuben da fatar sa mai kaurin milimita 3, a sa wani siririn yanki tsakanin ɗinkin a gefen kaifi don kada wuƙar ta yanke zaren, sannan a lulluɓe da jar fatar daga waje.