Wai me ake yi da busasshen ganye a jami'a?

Wani ƙanenmu ɗalibin BUK ne ya nuna mana hoton busasshen tsiro manne a takarda, irin na habariyam, muna zaune a majalisa a Kabuga, sai tambayoyi suka yi ta zuwa, na ce bari in tattaro su.

Meye kuma habariyam?

Ɗaki ne da ake adana busassun tsirrai a kabad kamar fayil a ofis. A tsinko reshe da ganye da furensa, a shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu a danne da katako a ɗaure tam, ana canja jaridar har ya bushe ƙarau, sannan a manna a farar takarda mai kauri. A Italiya aka fara wajen shekarun 1540, wani malami Luca Ghini.

Na hoton nan fa, wane tsiro ne?

Sunansa Sphaeralcea ambigua, a hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko yake fitowa, furensa ruwan lemo, ganyen da gashi-gashi mai sa ido ƙaiƙayi. Amma fa ɗan dangi ne, gidansu ɗaya da rama da yakuwa da kuɓewa da auduga da lalo, kalli furen kuɓewa ka kalli nasa za ka ga kamar.

To ai mu ma muna busar da kuɓewa, Malam, meye bambancin?

Nan aka yi dariya. Bambancin wata 'yar takarda ce a gefe da ake rubuta inda aka tsinko shi da ranar da sunan wanda ya tsinko, in babu ita wallahi da shi da ganyen buhu a kasuwar Rimi duk ɗaya ne. Da ita mai bincike zai ɗauko na shekara 100 ya gwada da na bana ya ga ko lokacin fure ya canja, ko tsiron ya ɓace daga wajen gaba ɗaya.

Namu na nan an tattara?

An tattara. Wani likita Dalziel ya yi a Arewa, har ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Lambun binciken tsirrai na Kew a Landan na da samfuri wajen miliyan 7, akwai kuma babban habariyam a Ibadan tun 1942.

Ƙwari ba sa cinyewa?

Suna ci mana, shi ya sa ake fara saka sabon samfuri a firiza na kwanaki kafin ya shiga kabad.