Ra'ayin Duniya Mai Kogo

Ra'ayin duniya mai kogo tsohon hasashe ne da ke cewa ƙasar da muke takawa holoƙo ce kamar duma, ɓawo a waje, sarari a ciki. Awon da aka yi tun ƙarshen ƙarni na 18 ya rushe shi, kuma yadda duniyoyi suke samuwa bai bar wa kogo wuri ba.

Tarihi

Wanda ya shigar da maganar zauren masana shi ne Edmond Halley, masanin taurari ɗan Ingila, a 1692. Allurar kamfas ce ta dame shi. Matuƙan jiragen ruwa sun lura tana karkacewa daga arewa, karkatar kuma tana sauyawa da shekaru. Sai Halley ya ce ƙasa ɓawo ce mai kaurin mil 500, a cikinta akwai wasu ɓawo biyu da dunƙule a tsakiya, kamar ƙore da aka jera ƙarama cikin babba, kowace tana juyawa da nata saurin, wanda a ganinsa shi ke sauya karkatar allurar. Bai cancanci a raina shi ba. Tambayarsa mai nauyi ce, kuma ya nemi amsarta inda take, domin narkakken ƙarfen cikin ƙasa ne ke haifar da maganaɗisun da ke jan allurar.

A 1818 wani tsohon hafsan sojan Amurka, John Cleves Symmes, ya raba takarda yana cewa akwai manyan ƙofofin shiga a ƙuryar arewa da ta kudu. Ya rasu a 1829 bai taka ko ɗaya ba.

Awo

A 1774 Nevil Maskelyne ya auna yadda dutsen Schiehallion na Sikotilan ke karkatar da zare mai nauyi a bakinsa, irin na magina, don a kwatanta jan dutsen da na ƙasa a gano nauyinta. A 1798 Henry Cavendish ya yi nasa awon a ɗaki, ya samu ƙasa ta ninka ruwa mai girmanta nauyi kusan sau biyar da rabi. Awon yau 5.5 ne. Duwatsun saman ƙasa kuwa, irin waɗanda suka kewaye Dutse da Birnin Kudu, ba su wuce wajen 2.7 ba. Ke nan abin da ke ciki ya fi dutse nauyi nesa.

Haƙa ba ta kai ko'ina ba. Mahaƙin rijiya a ƙauye yana cin gaba goma ko ashirin ya tarar da ruwa. Ramin Kola na Rasha ya kai mita 12,262 a 1989, alhali daga doron ƙasa zuwa cibiyarta kilomita 6,371 ne. Girgizar ƙasa ce ta tona asirin. Yadda mai sayen tukunya ke ƙwanƙwasa ta ya saurari amonta, haka masana ke sauraron yadda girgiza ke ratsa duniya. Richard Oldham ya gano alamar ƙwayar ciki, wato dunƙulen ƙarfen tsakiyar ƙasa, a 1906, Beno Gutenberg ya sa iyakarta a zurfin kilomita 2,900 wajajen 1914, Inge Lehmann 'yar Denmak kuma ta nuna a 1936 cewa cikin narkakken ƙarfen akwai wata ƙwayar daban, wadda daga baya aka gane daskararriya ce.

Samuwar duniyoyi

Kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce, gajimaren iska da ƙura ya tattaru yana juyawa, ya baje kamar faifai, rana a tsakiya. Immanuel Kant a 1755 da Laplace a 1796 suna cikin waɗanda suka fara bayyana haka. Ƙura ta manne ta zama tsakuwa, tsakuwa ta zama duwatsu, suna karo suna haɗewa, ana dunƙula duniya daga ciki zuwa waje kamar curin fura. Zafin karon ya narkar da ita, ƙarfe ya nutse tsakiya, mara nauyi ya taso sama, kamar yadda tsakuwa ke kwantawa a gindin ƙwarya in ana rege shinkafa. Ko da an sami kogo mai girman duniya, nauyin da ke kansa zai rufta shi. Kogunan Birnin Kudu masu tsofaffin zane a fatar waje kawai suke.

Akwai saɓani kan yadda manyan duniyoyi irin Mushtari (Jupiter) suka samu: wasu sun ce ƙwayar dutse ce ta fara janyo iska, wasu sun ce faifan ne ya tsinke ya dunƙule.

Sauran duniyoyi

Zuhal (Saturn) bai kai ruwa mai girmansa nauyi ba, amma don yawancinsa iska ce. A 1959 Iosif Shklovsky ya yi zaton Fobos, watan duniyar Mirrihi (Mars), holoƙo ne. Awon baya ya nuna dutse ne mai ƙananan ramuka. Na'urar InSight da ta sauka a Mirrihi a 2018 ta ji girgiza, ta tabbatar da narkakkiyar ƙwaya a cikinsa.