Waiwaye: Yadda itacen girkin Kano ya yi nisa da gida

Duk shekara idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40 a Kano, sai muhawara ta dawo sabuwa: ina bishiyoyinmu suka tafi? Wasu su ce masu gawayi ne, wasu su ce gine-gine, da yawa kuma su ɗora laifin a kan mutumin karkara, su ce a ƙara wayar masa da kai. Da damina ta sauka a raba dashe, maganar ta kwanta sai baɗi.

Wannan fargabar ta girmi yawancinmu. Tun shekarun 1930 Turawan mulki ke tsoron hamada na tahowa, har Ingila da Faransa suka tura tawagar haɗin gwiwa ta zagaya kan iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. An keɓe gandun daji irin na Falgore, an yaɗa dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya yake. Farin 1972 zuwa 1974 ya sa aka shiga dasa jerin bishiyoyin tare iska, irin na yankin Dambatta. A 2007 kuma Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar bishiyoyi don tare hamada, Kano na cikin jihohi 11 na Najeriya da ya shafa. Wannan duk an sani.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ranar da jaki ya sauka, babbar mota ta hau.

A shekarun 1960, itacen da birni ke girki da shi daga gonakin da ke kewaye da shi yake fitowa. Manomi ya daddatse rassan bishiyar gonarsa da rani, ya ɗaura wa jaki, ya shigo ta ƙofar gari da sassafe, ya sayar, sannan ya cika mangala da taki da toka ya koma da su gona. Reshe yake sara, ba gindi ba, domin bishiyar tasa ce, gadonta ya yi kuma 'ya'yansa za su gada. Ɗorawa tana ba shi kalwar daddawa, kuka tana ba shi miya, tsamiya ta kunu, gawo kuwa ya zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani ya ciyar da awaki. Wa zai kashe irin wannan don kuɗin kwana ɗaya?

Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya daɗe yana nazarin karkarar Kano. Binciken da ya yi da abokan aikinsa kan itacen girkin birnin, wanda aka wallafa a 1990, ya nuna abin da ya saɓa wa zaton mutane: a inda jama'a suka fi cunkoso, bishiyoyin gona ba su ƙare ba, manoma na riƙe da su. Ke nan yawan mutane shi kaɗai bai isa hujja ba.

Amma binciken ya kuma nuna cewa kasuwar ta sauya hannu. Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya kawo kwalta da manyan motoci, birni ya kumbura, jaki ya gaza ciyar da murhunsa. Sai itace ya koma zuwa daga dazuzzukan kudu masu nisa, wasu ma a wajen jihar, inda bishiya ba ta da takamaiman mai ita. Can ba reshe ake sara ba, daga gindi ake kayarwa, tunda mai gatarin ba zai dawo baɗi neman kalwa ba. Mai saye a Kano kuwa ya daina sanin mai kawo masa itace, balle bishiyar. Dillali kawai ya sani, da farashin ɗauri.

A ganina tun daga nan saƙon wayar da kai ya ɓata hanya. An ci gaba da yi wa manomin Gezawa da Kumbotso wa'azin amfanin bishiya, mutumin da ya fi mai wa'azin sanin darajar ɗorawa, alhali buƙatar tana cikin gari: gidajen burodi, masu tsire da balangu, masu abincin sayarwa, tukwanen biki, da dubban gidajen da ke hura wuta sau uku a rana. Ba laifi suka yi ba, girki dole ne. Sai dai ba kasafai ake zama da su a kan murhu mai cin itace kaɗan ba, ko a tambayi dillali daga wane daji lodinsa ya fito.

Yanzu abin ya ƙara ninkuwa. Tsadar kananzir da iskar gas ta mayar da gidaje da dama kan gawayi, shi kuwa gawayi ya fi itace cin bishiya, domin yawancin nauyin itacen a wajen ƙonawa yake tafiya. Gonakin da jakuna ke fitowa daga cikinsu kuma birni ya haɗiye da yawa, an yanka su fuloti, kuma wanda ya sayi fuloti a Kumbotso yakan fara ne da kiran mai gatari kafin ya kira magini.