Waiwaye: Gwajin maganin sankara, daga manyan asibitoci zuwa ƙofar majinyaci a Sakkwato

Duk maganin sankara da likita ke rubutawa yau, sai da aka gwada shi a jikin wasu majinyata da suka amince. Tsarin da ake bi ya kafu ne a 1948, lokacin da likitocin Ingila suka raba masu tarin fuka gida biyu ta hanyar ƙuri'a domin auna maganin streptomycin. A shekarar ne kuma Sidney Farber na Boston a Amurka ya ba da rahoton cewa maganin aminopterin ya lafar da sankarar jini a jikin wasu yara, ko da yake na ɗan lokaci.

Afirka ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, aka kuma gano cewa allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, tana narkar da ita. Cikin waɗanda suka yi aikin har da Victor Ngu a asibitin koyarwa na Ibadan, wanda ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972.

Sai dai gwaje-gwajen sun daɗe a tsare cikin manyan asibitocin jami'a, alhali yawancin majinyata a asibitin garinsu suke jinya. Wannan ya sa hukumar sankara ta Amurka ta ƙirƙiro shirin CCOP a 1983, aka maye gurbinsa da NCORP a 2014. Dabarar ba ta da sarƙaƙiya: babbar cibiya ce ke tsara gwajin, likitan gari ya shigar da majinyatansa, a biya masa albashin nas mai kula da bincike da mai tattara bayanai.

A Arewa kuwa, tarihin yana da tabo. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko iyaye sun san abin da suka amince da shi. Zargin da ya biyo baya na cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma yanzu ba a fara gwajin magani sai da sahalewar kwamitin ɗa'a da ta NAFDAC.

To ina Sakkwato? Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen sankara da gashi, wato ƙona sankara da hasken na'ura, majinyata na zuwa daga Kebbi da Zamfara har da ƙetaren iyakar Nijar. Majinyata ba su yi kaɗan ba. Abin da kan hana mutum shiga gwaji ƙananan abubuwa ne da ake rainawa.

A ɗauki tsokar da aka yanko daga ƙullutun mama. Dole ta shiga ruwan fomalin, wato ruwan da ke hana tsoka lalacewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin awa guda, ta zauna awa 6 zuwa 72. In ta kwana a kwalba a hanya daga Isa ko Illela ba tare da isasshen ruwan ba, gwajin ER da PR da HER2, wato alamomin da ke nuna nau'in sankarar da maganin da zai dace da ita, yana iya ba da sakamakon ƙarya, kuma ba tare da shi ba yawancin gwaje-gwajen magani ba za su karɓi matar ba. Magunguna irin su trastuzumab suna son sanyin digiri 2 zuwa 8, a garin da zafin Afrilu ke haura 40. Firji ya mutu dare ɗaya, sai a killace maganin duka har masu gwajin su yanke hukunci.

Akwai kuma shingen da ke cikin takardar gwajin kanta. Da yawa suna sharɗanta ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, wato nutrofil, su kai 1,500. Mutanen Afirka ta Yamma da dama an haife su da adadin da bai kai haka ba saboda wani nau'in jini na gado da ake kira Duffy-null, kuma lafiyarsu ƙalau. Mizanin da aka auna a jikin Turawa sai ya kori mutumin Gwadabawa ba da haƙƙinsa ba. Ga kuma zuwa asibiti a makare: wanda cuta ta riga ta kwantar, yawancin gwaje-gwaje ba sa ɗaukarsa.

Batun amincewa ya fi komai nauyi. Takarda mai shafuka da yawa da Turanci ba amincewa ba ce. A fassara ta da Hausa, a karanta wa mara lafiya, in ba ta karatu a kawo shaida wanda ba ya cikin masu binciken, sannan ta dangwala. Miji da 'yan'uwa su zauna a ji shawararsu, amma yardar tata ce. A gaya mata ƙarara cewa ƙuri'a ce za ta zaɓi rukuninta, ba likita ba, kuma in ta ce ta fasa gobe, jinyarta ba za ta tsaya ba. Kuɗin mota na kowane zuwa, da lambar waya biyu ta 'yan'uwa, su shiga kasafi tun ranar farko, domin majinyaciyar da ta koma ƙauye aka daina jin ɗuriyarta, ba wanda zai san ko maganin ya yi mata aiki.