Karɓar baƙuncin Kofin Duniya: wa ke biya, wa ke cin riba?

Duk ranar da aka ambaci sunan ƙasar da za ta karɓi baƙuncin wata babbar gasa, sai ka ga ministoci suna rungumar juna, ana ta alkawarin ayyukan yi. Afirka ta Kudu ta sha wannan murna, ta kuma shirya Kofin Duniya na 2010, na farko a nahiyar Afirka. Yanzu an samu shekarun da za a iya zama a yi lissafi.

A kan me ake kashe kuɗin?

Filayen wasa ne kan gaba. An buga gasar 2010 a filaye 10 cikin birane 9. Biyar daga ciki sababbi ne fil, kamar na Cape Town da Moses Mabhida na Durban, sauran kuma gyara aka yi musu. Sai tituna, da filayen jirgin sama, da tsaro. Gwamnati ta kashe sama da dala biliyan 3, kuma daga aljihun masu biyan haraji kuɗin suka fito.

To kuɗin talabijin da na talla fa, ba ƙasar ke kwashewa ba?

A'a, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Kuɗin haska wasanni da na manyan kamfanonin talla na FIFA ne, kuma takan gindaya sharaɗin a yafe mata haraji. Har kewayen filin ana killace shi ranar wasa, ba mai sayar da komai sai kamfanonin da suka biya FIFA. Matar da ta saba kafa tukunya a bakin fili duk ranar wasan gida, ranar da kasuwa ta fi ci aka ce ta matsa can nesa.

Baƙi kam sun zo, kusan 300,000, amma ba su kai yadda aka yi hasashe ba. Kuma wata ɗaya ne kacal, kowa ya koma gida.

Bayan an tashi, me ke faruwa da filayen?

Nan gizo ke saƙar. Gina fili tamkar sayen ingarman doki ne don hawan sallah: hawan na kwana biyu ne, harawa da dusa kuwa kullum ne, har wata sallar ta zagayo. Ciyawa na son ruwa da aski, fitilu na son wuta, rufi na son gyara, masu gadi na jiran albashi, ko da wasa ko babu. Filin Cape Town ya shafe shekaru hukumar birnin na cike giɓin kuɗin kula da shi, saboda ba shi da babbar ƙungiyar da ke cika shi duk mako, sai a 2021 'yan wasan zari-ruga suka tare a ciki.

Na Brazil ya fi muni. Don gasar 2014 an gina katafaren fili a Manaus, can tsakiyar dajin Amazon, wasa huɗu kawai na gasar aka buga a cikinsa. Harabar na Brasilia kuwa, wanda ya fi kowanne tsada, daga baya ta koma wurin ajiye motocin bas. Birnin Montreal na Kanada ya shirya Olamfik a 1976, bai gama biyan bashin ba sai 2006.

Mu ma ba sai an ba mu labari ba. Filin ƙasa na Abuja, wanda aka gina don Wasannin Afirka na 2003, an bar ciyawarsa ta lalace har sai da Dangote ya ɗauki nauyin gyara ta, kuma a 'yan shekarun nan Uyo ake kai yawancin wasannin gida na Super Eagles. Na Surulere a Legas, wanda ya karɓi wasannin 1973, ba a ma maganarsa.

Ke nan ba wanda ya taɓa cin riba?

Akwai. Los Angeles ta fita da ribar sama da dala miliyan 200 a Olamfik na 1984, domin tsofaffin filayenta ta yi amfani da su, kuma 'yan kasuwa ne suka ɗauki nauyin shirin. Barcelona a 1992 ta fake da gasar ta share tsofaffin masana'antun da suka tare bakin teku, ta shimfiɗa manyan tituna, yau ga masu yawon buɗe ido har sun yi mata yawa.

A ganina abin da ya fi amfanar Afirka ta Kudu ba filayen ba ne. Jirgin ƙasa na Gautrain, da ya fara ɗaukar fasinja daga filin jirgin sama na OR Tambo zuwa unguwar Sandton a Johannesburg ana saura kwanaki a fara gasar, har gobe yana aiki. Haka sabon filin jirgin sama na King Shaka a Durban. Sai dai mai gardama zai ce ai ana iya gina waɗannan ba tare da an haɗa da filayen ƙwallo ba, kuma yana da gaskiya. Abin da gasar ta yi shi ne sa wa gwamnati wa'adin da ba ta isa ta ɗaga ba.

Farin cikin jama'a da martabar ƙasa ba riba ba ce?

Riba ce, duk da ba ta shiga littafin akanta. Wanda ya ga ƙwallon da Tshabalala, ɗan wasan Afirka ta Kudu, ya zura wa Mekziko ranar buɗe gasar, 11 ga Yunin 2010, da kukan vuvuzela kamar rumfar ƙudan zuma, ya san an yi wani abu. Masu cewa Afirka ba za ta iya ba sun yi shiru.

Har yanzu ana rububin karɓar baƙunci?

An fara taka-tsantsan. Kofin Duniya na 2026 ƙasashe uku aka bai wa, Amurka da Kanada da Mekziko, na 2030 kuma Maroko da Sifaniya da Fotugal. Ita kanta Durban an ba ta gasar ƙasashe rainon Ingila ta 2022, amma a 2017 aka ƙwace aka miƙa wa Birmingham, saboda gwamnati ta kasa ba da tabbacin kuɗin da ake bukata.