Iyaye, fushinku ne makamin mai yi wa yaronku barazana da hoto

Ana yawan kawo mana matasa asibiti da ciwon da gwaji ba ya nunawa. Yarinya ta daina cin abinci, ba ta barci, gabanta na faɗuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara. Yaro mai fara'a ya koma shiru, ya kulle kansa a ɗaki, ya fara ɗaukar kuɗin gida alhali ba halinsa ba ne. A auna jini, a auna komai, lafiya lau. Sai an ce iyaye su ɗan ba mu wuri, an lallaɓa yaron, sannan magana take fitowa: wani yana riƙe da hoton tsiraicinsa, yana cewa in ba a yi masa abin da yake so ba zai watsa. In na tambaya me ya hana a faɗa a gida, amsar ba ta canzawa. "Baba zai kashe ni." "Mama ba za ta ƙara kallona ba."

Iyayena, 'yan'uwana, da ku nake magana yau, kuma ku yi haƙuri in na ɗaga murya. Mugun da ke can bayan waya bai san gidanku ba, bai taɓa ganin ɗanku ido da ido ba. Abu ɗaya ya dogara da shi: ya san yaron ya fi tsoron ku a kan tsoron sa. Shi ya sa barazanarsa ta farko ita ce "zan tura wa babanka". Duk ranar da kuka ji labarin ɗan wani kuka ce "ni da ɗana ne sai na yanka shi", yaronku yana gefe yana ji, kuma ya riƙe.

Abin ba ya farawa da batsa. Yana farawa da gaisuwa a Instagram ko Snapchat ko TikTok, ko cikin wasannin intanet, daga wani shafi mai hoton budurwa ko saurayi sa'an yaron. A yabe shi, a saurari damuwarsa, a kira shi da sunaye masu daɗi, sai a ce su koma WhatsApp su kaɗai. Daga nan sai "in kana sona ka nuna mini", ko ɗayan ya fara turo hoto, wanda galibi sato shi aka yi. Wani a ɗauki makonni ana jan sa, wani a dare ɗaya a gama da shi. Wani lokacin ma ba baƙo ba ne, saurayin da aka ɓata da shi ne ya juya.

Kada kuma ku ce ai namiji gare ni, ba ruwana. A Disambar 2022 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa cikin shekara guda hukumomin tsaro sun samu rahoto sama da 7,000 na irin wannan tatsar kuɗi, yara aƙalla 3,000 abin ya shafa, akasarinsu maza, kuma fiye da goma sha biyu sun kashe kansu. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mamallakin Facebook da Instagram, ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 da ke wannan harka. Sana'a ce ta gungun manya da suka ƙware, ku kuma kuna son ɗan shekara 14 ya fuskance su shi kaɗai don kada ranku ya ɓaci.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake yi in magana ta fito. Mari, zagi, a ƙwace waya, a goge komai, wani ma ya fasa ta. A tara 'yan'uwa a yi ta gori. Kun goge shaidar da za a kama mai laifi da ita, kun tabbatar wa yaron cewa da ya sani da ya yi shiru, ƙannensa kuma sun koyi darasi: in ya same su ba za su faɗa ba. Na san zafin da kuke ji, wallahi na sani. Kunya ce da tsoro da ƙaunar ɗanku suka haɗu. Amma faɗa yana da lokacinsa, kuma ba ranar ba ce. Ranar, kalma ɗaya yake jira: "Ka yi daidai da ka gaya mini, muna tare." Yanzu har ana haɗa hoton tsiraici na ƙarya da ƙirƙirarriyar basira daga hoton fuska kawai, sai ka daki yarinyar da ba ta tura komai ba.

Ku kuma ƙannena, a gajarce: kada ku tura. Hoton "gani sau ɗaya" na WhatsApp da saƙon Snapchat mai ɓacewa ba kariya ba ne, da wata wayar ake ɗaukar fuskar waya a ajiye. Wanda ya ce sai da hoto zai yarda kina son sa ba ya son ki. In kuma an riga an tura, rayuwa ba ta ƙare ba, nemi babban da ka yarda da shi yau.

In abin ya faru, ga abin yi:

- Kada a biya ko sisi, kada a ƙara tura hoto. Wanda aka biya dawowa yake yi.
- A daina ba shi amsa, amma kada a goge hirar. A adana sunan shafin, lambar waya da saƙonnin barazanar.
- A kai rahoto a manhajar, a toshe shi, a sanar da 'yan sanda.
- Kada a tura hoton ga kowa da sunan "a gani a shaida". Yaɗa hoton tsiraicin yaro laifi ne.
- A yi amfani da shafin intanet na Take It Down, wanda cibiyar kare yara ta Amurka, NCMEC, ta buɗe domin hotunan da aka ɗauka kafin shekara 18. Kyauta ne, hoton ba ya barin wayar, lambar shaidarsa kawai ake turawa ga manhajojin da suka shiga tsarin don su cire shi.

Sannan ku sa ido a kan yaron sosai a kwanakin farko. In ya ce gara ya mutu, ko ya fara yin bankwana da mutane, kada ku ce wasa yake ko neman tausayi. Kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke magunguna da guba da duk wani abu mai kaifi daga kusa da shi, a kawo shi asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.